Takardar Inshorar Mota da Jinyar Direba

A tashoshin mota na Wurno da Rabah da Goronyo akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin direbobi da masu motoci, cewa duk wanda ya sabunta takardunsa har da ta inshora, kamfani zai ɗauki nauyin jinyarsa idan tsautsayi ya afka masa. Maganar ba ta da tushe, kuma abin takaici shi ne ba a cika gane haka ba sai mutum yana kwance a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, 'yan'uwa suna fafutukar kuɗin hoto da na jini da na ƙarfen da za a sa masa a ƙashi.

Inshorar mota da doka ta wajabta a Nijeriya tun dokar 1945 ita ce ta mutum na uku, wato wanda ba mai motar ba, ba kuma kamfanin ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, tare da alkawarin biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, sannan 'yan sanda suka tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025.

Wannan takarda ba ta aiki sai an cika sharuɗɗa biyu: wanda ya cutu ya zama wani ne daban, kuma alhakin haɗarin ya rataya a wuyan mai takardar. Saboda haka direban da ya ɗauko albasa da tafarnuwa daga fadamar Wurno, taya ta fashe masa kafin Achida, ko wanda ya kauce wa garken shanu da almuru a hanyar Rabah ya faɗa rami, ba shi da ko sisi a cikinta, domin shi ne mutum na farko, kuma babu wanda zai tuhuma. Ko da wani ne ya buge shi, lamarin bai sauƙaƙa ba, don sau da yawa mai laifin ɗan kabu-kabu ne da ba shi da takarda, ko ya tsere, ko kuma takardar da ke hannunsa ta bogi ce da aka buga masa a bakin ofis. Idan ma an kama shi, al'adar yankin ita ce dattawa su shiga tsakani, a ce ƙaddara ce, a yafe. Yafiya hali ne na kirki da addini ya yaba, amma ba ta biyan kuɗin tiyata, shi ya sa ake ƙarewa da sayar da sa, ko jinginar da gonar rani, ko a sace jiki da majinyaci daga asibiti a kai shi wurin mai ɗori alhali raunin bai daina zubar da ruwa ba.

Wannan giɓi ne kariyar rauni ta ganin dama take cikewa. Ƙari ne da mai mota yake saye da kansa, wanda ke biyan kuɗin magani zuwa wani adadi, da wani kuɗi tsayayye idan an rasa rai ko gaɓa, ba tare da an jira kotu ko sulhu sun tantance mai laifi ba. Jihar Masacuset ta Amurka ta fara tsarin biya ba tare da tantance mai laifi ba a 1971, Niyu Zilan kuma ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1974. A Nijeriya ana samun wannan ƙari ko dai a cikin cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta bai gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota ba, ko a takardar haɗarin kai da ake saye daban, kuma ita ce ta fi dacewa da mai tsohuwar mota wanda jikinsa ne jarinsa. Masu ƙyamar inshora saboda riba da caca suna da tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Noor da Jaiz suke gudanarwa.

Mai saye ya kamata ya nemi a nuna masa a rubuce su wane ne kariyar ta shafa, ko direba ne kaɗai, ko har da yaron mota da iyali da fasinjoji, da adadin kujerun da aka lissafa, domin motar da aka cusa wa mutum biyu a kujerar gaba da wasu a but ta riga ta ba kamfani hujjar ƙin biya. Ya tambayi iyakar kuɗin magani, saboda wadda ake liƙawa a cikakkiyar inshora takan yi ƙanƙanta ƙwarai. Ya sani cewa tuƙi babu lasisi, ko cikin maye, ko yin haya da motar da aka rubuta ta gida ce, duk suna rushe yarjejeniya, ya kuma tambayi matsayin raunin da harin 'yan bindiga ya haifar, tambayar da ba ta kauce wa mai bin hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni. Ya duba lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na NIID ta wayarsa kafin ya bar wurin dillali, don ya tabbatar takardarsa ba ta bogi ba ce. Idan haɗari ya auku, a sanar da 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra, a shaida wa kamfani cikin wa'adin da takarda ta faɗa, a adana kowane rasit na asibiti da kemis, tun da mai ɗori ba ya ba da rasit. Shugabannin ƙungiyar direbobi, waɗanda dama suke karɓar kuɗin tasha kullum, suna iya sayen wannan kariya a dunƙule ga mambobinsu, kuma kuɗin kowane mutum yakan sauko idan aka saya a ƙungiyance.