3.4 Awon Sinadarin ADA a Ruwan Ƙirji Domin Gano Tarin Fuka

3.4.1 Shimfiɗa

A sashen da ya gabata an kawo bayani a kan yadda ake neman ƙwayar cutar tarin fuka a cikin kakin majiyyaci. To, amma akwai nau'in cutar da kan tara ruwa tsakanin huhu da haƙarƙari. Ƙwayoyin cutar da ke cikin wannan ruwa ba su da yawa, shi ya sa madubin likita kan kasa hango su. Ita ma na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a shekarar 2010, takan kuskure su a irin wannan ruwa. Saboda haka wannan sashe zai dubi wata hanya, wato auna alamar faɗan da jiki yake yi da cutar.

3.4.2 Ma'anar ADA

Idan cutar ta kai ga fatar da ke lulluɓe da huhu, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit sukan yi dandazo a wurin domin kare jiki. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da wani enzayim, wato sinadarin da ke gaggauta juyar da wani abu zuwa wani. Sunansa adenosin diyaminas, a taƙaice ADA. Aikinsa shi ne juyar da adenosin zuwa inosin, tare da fitar da amoniya. A shekarar 1978 Piras da abokan aikinsa a Italiya suka nuna cewa ADA yakan hauhawa a ruwan ƙirjin masu tarin fuka.

3.4.3 Yadda Ake Yin Awon

Hanyar da ta fi shahara ita ce ta Giusti da Galanti, kuma matakanta su ne:

1. Likita yakan zuƙo ruwan da allura, a juya shi a na'ura har ƙwayoyin su kwanta, a ɗebi tatacce.
2. A haɗa shi da adenosin a kwalbar gwaji, a ajiye tsawon minti 60 a ma'aunin zafi 37, daidai da ɗumin jikin mutum.
3. A zuba sinadarin finol da na haifokulorait, waɗanda kan rina amoniyar ta koma shuɗiya.
4. A auna kaurin shuɗin da na'urar auna launi, a kwatanta da kwalbar da aka san adadin amoniyarta.

Ashe ke nan, ba yawan sinadarin ake ƙirgawa ba, aikin da ya yi cikin awa ɗaya ake aunawa. Yawancin masana sun ɗauki awo 40 a kowace lita a matsayin iyaka. Abin da ya haura haka yana nuni ga tarin fuka.

3.4.4 Abubuwan Lura a Sakkwato

Na farko shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin kan zarce awo 40, alhali ƙarfin ADA yana raguwa idan ruwan ya daɗe ba a sanyi ba. Majiyyacin da ya taso daga Ƙofar Atiku yana kusa da Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda aka ɗebi ruwansa a ƙauye kuwa, dole a ɗauko shi cikin ƙanƙara, in ba haka ba sakamakon yana iya nuna babu cuta alhali akwai ta.

Na biyu, jajayen ƙwayoyin jini ma suna da ADA, don haka idan suka fashe a cikin ruwan awon yakan hau. Haka kuma taruwar mugunya da wani nau'in sankarar jini sukan ɗaga shi. Wajibi ne a duba irin fararen ƙwayoyin da suka fi yawa kafin a yanke hukunci.

3.4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa wannan awo yana da sauƙi, kuma yana taimakawa inda sauran gwaje-gwaje suka gaza. Sai dai kuskure a cikinsa yana iya ɗora wa mutum shan magani na wata 6 ba gaira ba dalili, ko a sallami mai cuta ba magani. A sashe na gaba za a dubi yadda ake ƙirga ƙwayoyin.