Bayani a Kan Ciwon Sukari, Domin Wanda Aka Tarar Yana da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka:

Akwai wani attajiri mai sayar da goro a Kasuwar Kurmi ta Kano, wanda ya ba shekara hamsin baya. Wata uku yana fama da ƙishirwa wadda ruwan randa ba ya kashe ta, da dare kuwa sai ya tashi fitsari sau biyar ko shida. Ya rame har riga ta yi masa yawa, idonsa ya soma hazo, ya kasa karanta lissafin da ya rubuta da hannunsa. Abin da ya kai shi asibiti tuntuɓe ne da ya yi a bakin rumfa, yatsansa ya fashe, mako uku miki bai kame ba. Aka auna jininsa, aka ce ya komo da safe kafin ya karya kumallo, aka sake aunawa. Sai likita ya ce, "Alhaji, ciwon sukari ne." Jikinsa ya yi sanyi, gama da wannan ciwo aka yanke ƙafar wansa. Ya gaya wa likita haka, ya ce, "To, ni ma tawa za ta tafi ke nan?" Likita ya ce, "Ba lalle ba ne, Alhaji. An gane naka da sauran dama. Amma aikin da ya rage, mafi yawansa a hannunka yake."

Fasali a kan asalin ciwon

Wannan ciwo daɗaɗɗe ne. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya siffanta shi a cikin littafinsa Alƙanun, har ya ambaci zaƙin fitsarin mai shi. Asalinsa kuwa shi ne, duk tuwo da fura da gurasa da mutum ya ci, ciki yana mayar da su sukari, ya shiga jini. Akwai wata tsoka a bayan tumbi wadda ke fitar da wani ruwa, sunansa insulin, shi ne ke shigar da sukarin nan cikin naman jiki ya zama ƙarfi. Idan ruwan ya ƙaranta, ko jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini, ƙoda ta riƙa zubar da shi tare da ruwa mai yawa. Daga nan yawan fitsari da ƙishirwa da rama suke.

Ciwon iri biyu ne manya. Na ɗaya ya fi kama yara da samari, jikinsu ba ya yin insulin, ba su da makawa sai allura kullum. A Toronto ta ƙasar Kanada Banting da Best suka fitar da insulin a 1921, aka fara yi wa mara lafiya allurarsa a 1922. Kafin nan irin waɗannan yara ba su daɗewa. Na biyu shi ne na manya, kuma cikin masu ciwon goma, kamar tara nasa ne. Gado da ƙiba da yawan zama wuri ɗaya su ne ke jawo shi. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma sammu ba ne.

Fasali a kan abinci

Ba a ce mai ciwon sukari ya bar tuwo ba, an ce ya auna shi. A raba akushi kashi huɗu. Kashi biyu ganye da kayan miya, watau zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, kuka. Kashi ɗaya wake ko kifi ko nama ko ƙwai. Kashi ɗaya tuwo, malmala kamar dunƙulen hannun mai ci. Tuwon dawa da na gero waɗanda ba a surfe su sarai ba sun fi farar shinkafa da burodi jinkirin hawa jini, amma ko su in an cika ciki da su sai sukari ya hau.

Abin da ya fi ɓarna shi ne zaƙin da ake sha. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kamar ƙaramin cokali takwas ko tara. Haka shayin da aka cika masa sukari da madarar gwangwani mai zaƙi, da kunu da zoɓo da fura da aka zuba musu sukari. A sha su ba sukari, fura kuma a rage ta a yawaita nono. Rake da alkaki da nakiya da alewa a nisance su. Zuma da dabino abinci ne masu daraja, amma zaƙinsu yana shiga jini kamar yadda kowane zaƙi ke shiga, saboda haka dabino ɗaya ko biyu ya isa, zuma kuwa a tambayi likita.

Ɗan kasuwa yakan wuni bai ci ba saboda ciniki, da dare ya haɗa na rana da na dare ya ci. Wannan ɗabi'a ba ta dace da mai wannan ciwo ba. Ya ci sau uku, a lokutan da ba su sauyawa. Lalle kuma a sanar da uwargida da duk mai riƙe da tukunya, gama ita ce za ta auna malmala.

Fasali a kan magani da awo

Maganin da aka fi fara ba manya shi ne ƙwayar metformin, ana shan ta tare da abinci domin kada ta dami ciki. Akwai waɗansu, kamar glibenclamide, masu saukar da sukari da ƙarfi. Wanda ya sha su bai ci abinci ba ya jawo wa kansa haɗari. Kada a bar magani don an ji sauƙi, domin sauƙin daga maganin yake. Kada kuma a musanya shi da na masu tallar magani a mota da lasifika, masu cewa suna tumɓuke ciwon cikin kwana bakwai. Wanda ke son haɗawa da wani saiwa ko ganye ya nuna wa likita tukuna.

Mai allurar insulin ya kiyaye ta daga rana da zafin mota. In babu firji, ya sa kwalbar cikin leda ya ajiye a jikin randa mai sanyi a inuwa. Matafiyi zuwa Ikko ko Agadas ya riƙe maganinsa a aljihu, kada ya sa shi cikin kayan da za a ɗaure a bisa mota.

Akwai 'yar na'ura ta hannu mai auna sukari da ɗigon jini daga yatsa. Da safe kafin ci, 126 ko fiye, in ya maimaitu, shi ne alamar ciwon. A ɗaya ma'aunin da waɗansu asibitoci ke aiki da shi, 7 ke nan. Wanda ke shan magani ana so ya tsaya tsakanin 80 da 130 kafin ci. Ya rubuta abin da ya samu kowace rana, ya kai wa likita.

Fasali a kan faɗuwar sukari

Idan awo ya sauka ƙasa da 70, ko mutum ya ji rawar jiki da gumi da yunwa mai tsanani da jiri da faɗuwar gaba, to sukari ya faɗi. Nan take ya sha sukari ƙwaya uku ko huɗu, ko rabin kofin lemo, ya dakata minti 15, in bai warware ba ya ƙara, sa'an nan ya ci abinci. Don haka kada aljihunsa ya rabu da sukari, kuma yaran rumfa da maƙwabta su san halinsa. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi a gefensa a gaggauta kai shi asibiti.

Fasali a kan ƙafa da ido da tafiya

Sukari in ya daɗe da yawa yana kashe jin ƙafa, har ƙaya ta soki mutum bai sani ba. Mai alwala yana da dama sau biyar a yini ya duba ƙafarsa: tafi, da diddige, da tsakanin yatsu. Ya goge tsakanin yatsun su bushe, ya shafa man kaɗanya a kan faso. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko da a farfajiyar masallaci da rana, kada ya kanga ƙafa a wuta da hunturu, kada ya bari a yanke masa kaushi da reza. Ya kakkaɓe takalmi kafin ya sa. Miki kome ƙanƙantarsa, in ya kwana biyu bai nuna alamar kamewa ba, a kai asibiti. A duba ido da ƙoda sau ɗaya a shekara, a riƙa auna hawan jini. Tafiya da sauri ta rabin sa'a, kwana biyar a mako, tana saukar da sukari, kuma mai shan taba ya bar ta.

Fasali a kan azumi

Alƙur'ani ya yi rangwame ga mara lafiya a cikin Suratul Baƙara. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Sharja a 2009, ta kasa masu ciwon sukari gwargwadon haɗarin da azumi ke da shi a gare su, ta ce wanda likita ya tabbatar azumi zai cutar da shi ya sha. Saboda haka a je wa likita tun cikin Rajab ko Sha'aban domin ya gyara lokutan magani. Wanda aka yarje wa ya jinkirta sahur, ya riƙa awo da rana, gama ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. In awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya buɗe baki ko da rana ta kusa faɗuwa, ya rama daga baya.

Shi kuwa attajirin nan, mako shida yana zuwa wankin miki har ya warke. Yanzu da ƙafa yake tafiya daga gida zuwa Kurmi bayan ya karya kumallo, da sukari ƙwaya huɗu a aljihu. A rumfarsa littafi biyu ne, ɗaya na huhun goro, ɗaya na awon jini. Ya kuma tura ƙannensa biyu da babban ɗansa aka auna su, aka tarar da ciwon ga ɗaya daga cikin ƙannen tun bai ji kome a jikinsa ba.

Allah ne mafi sani. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.