Sababbin Baburan Hamada Da Manomin Ƙasar Daura

Da zarar an girbe gero an ɗaure dammuna, an cire gyaɗa, an kai wake da riɗi kasuwa, sai maganar babur ta tashi a ƙasar Daura. Daga Sandamu har Zango, daga Mai'adua har Baure, da wuya a sami zauren da ba a ƙulla shawarar saye ko musanya ba. Wani ya sayar da amfanin shekara ɗungum, wani ma har ya haɗa da sa guda daga cikin shanun huɗarsa. Abin da ya ƙara wa maganar gishiri kuwa shi ne hotunan da samari ke nuna wa juna a waya, na waɗansu ƙattin babura masu dogayen ƙafafu da akwatunan ƙarfe a gefe, waɗanda aka ce an ƙera su musamman domin doguwar tafiya cikin jeji da rairayi. Fatake masu zuwa Ikko da Habuja sun gan su da idonsu, sun dawo suna ba da labari. To, tun da ƙasar Daura jigawa ce, lalle ya kamata manomi ya san ko mene ne a jikin waɗannan babura, da abin da zai amfane shi a ciki, kafin ya kwance lalitarsa.

Asalinsu

Abin mamaki, mafarin waɗannan babura ba shi da nisa da Daura. Wanda ya fita ta Kwangwalam ya bi ta Matamaye zuwa Damagaram, ya miƙe arewa har Agadas, to yana dab da hamadar Tenere, watau wadda ayarin raƙuma ke ratsawa zuwa Bilma ɗauko gishiri. A cikin 1977 wani Bafaranshe mai tseren babur, Thierry Sabine, ya ɓata a wannan yanki, da ƙyar aka cece shi. Maimakon ya tuba, sai ya koma gida ya shirya tseren da aka sani da Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, aka kuma bi da shi ta Agadas. Cyril Neveu ne ya ci na farkon, bisa Yamaha XT500. Daga nan kamfanoni suka shiga gasa. BMW ta Jamus ta fito da R80 G/S a 1980, Yamaha ta sa wa wani baburinta sunan Ténéré a 1983, Honda kuma ta kawo Africa Twin a 1988. Shi tseren ya bar Afirka bayan da aka soke na 2008, ya koma Kudancin Amurka, sa'an nan Saudiyya daga 2020, amma sunayen suna nan a jikin tankuna.

Jikokin waɗancan su ne ake gani yanzu. Akwai Yamaha Ténéré 700 da ta fito a 2019, injinta si-si 689, tankinta lita 16, nauyinta kilo 200 da ɗoriya. Akwai Africa Twin mai si-si 1084 ta 2020, wadda a cikinta akwai irin da ke canja giya da kanta, ba ruwan mahayi da kuloci. Royal Enfield ta Indiya ta fito da sabuwar Himalayan a ƙarshen 2023, mai si-si 452 da ƙarfin doki 40. Babbar yayarsu ita ce BMW R 1300 GS ta 2023, si-si 1300, ƙarfin doki 145, nauyi kilo 237. Don mai karatu ya auna, Bajaj Boxer da ke cike da bakin kasuwar Mai'adua ran Lahadi si-si 100 ne ko 150, ƙarfinsa tsakanin doki 8 da 12, nauyinsa kuwa wajen rabin na BMW ɗin.

Abin da aka zuba musu

Abu na fari shi ne girman ƙafar gaba. Ténéré da Himalayan inci 21 gare su, BMW inci 19, alhali ƙananan baburan da aka saba hawa inci 17 ne ko 18. Kowane mai amalanke ya san dalili: babbar taya takan haye rami da kunya da saiwa, ƙarama kuwa sai ta faɗa ciki ta cije. Cikin rairayi ma babbar ta fi riƙe hanya, ba ta yawan wandar da kan babur. Na biyu tsawo daga ƙasa. Cikin Ténéré ya tashi santimita 24 daga ƙasa, na Himalayan 23, an kuma lulluɓe ƙarƙashin injin da faranti don kada dutse ko kututture ya fasa shi. Wanda ya taɓa ratsa ƙorama a watan Agusta, injinsa na gogar yashi, ya san darajar wannan. Na uku shokazoba mai dogon zango, wadda ke shanye gargadar burji ba ta kai wa ƙugun mahayi ba.

Sa'an nan sai tanki. Ténéré World Raid ta 2022 tana ɗaukar lita 23, BMW R 1300 GS Adventure ta 2024 kuwa lita 30 cur. An yi haka ne domin matafiyin da zai yini bai ga gidan mai ba. Mutanen bakin iyaka ba sa bukatar a yi musu bayani, gama sun ɗanɗana a Nuwamba 2019, sa'ad da aka hana kai fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka.

Sauran kayan na lantarki ne. Akwai birkin da ba ya barin taya ta kafe ta ja ƙasa, wanda a kan kwalta yana ceton rai, amma a rairayi yakan tsawaita tsayawa, shi ya sa aka yi masa maɓallin kashewa. Himalayan tana nuna taswirar hanya a gaban mahayi in ya haɗa ta da wayarsa. BMW kuwa abin nata ya zarce: wanda ya ƙara kuɗi za a sa masa na'urar da ke hango motar gaba ta rage gudu da kanta, da wata mai sa babur ya ɗan durƙusa in an zo tsayawa, kamar raƙumin da ya san ubangijinsa. Ba ta kuma amfani da sarƙa, sanda ce a rufe cikin kwanso ke juya tayar baya, ƙura ba ta ganinta.

Lissafin manomi

Duk wannan gwanin kyau, amma fa mai yawon buɗe ido aka yi wa ɗinkin. Shi manomi abin da ke gabansa taki ne zuwa gona, hatsi zuwa kasuwa, mai naƙuda zuwa asibitin Daura da tsakar dare.

A fara da kuɗi. Abin da za a sayi BMW guda ya isa a sayi Boxer fiye da goma. A zo ga mai: manyan nan sukan sha lita 4 zuwa 5 a kilomita 100, ƙaramin babur mai lafiya kuwa lita 2 ko 2 da rabi. Daura zuwa Katsina da dawowa wajen kilomita 160 ne, watau babba zai sha lita 7 ko 8 a tafiyar da ƙarami zai yi da lita 4. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, wannan bambanci ya zama na tiyar hatsi, ba na wasa ba.

Nauyi ma abin dubawa ne. Sirdin Ténéré ya kai santimita 87 da rabi, gajeren mutum sai dai ya taɓa ƙasa da babban yatsa. In kuwa babur mai kilo 237 ya kwanta cikin rairayi tsakanin ƙauye da ƙauye, nauyinsa ya kai na buhun taki biyar ba kaɗan, mutum ɗaya sai ya sha wuya kafin ya tashe shi. Ƙarami kuwa ko yaro matashi ya tashe shi.

Amma babbar magana ita ce ta gyara. Sababbin nan ba su da kafireto, famfo ne ke fesa mai, kwamfuta ke auna masa. Suna son fetur mai tsabta ƙwarai, kuma kowa ya san irin abin da kan shiga kwalbar 'yan bumburutu. In ƙaramin babur ya sha mai da ruwa, bakanike zai kwance kafireto a gindin bedi, ya wanke, ya hura, ya goge fulogi, kafin a yi la'asar mai shi ya kama hanya. In babban ya yi tari, sai an nemo mai na'urar karanta cutarsa, kayan gyaran kuma sai an yi odarsu daga ƙasar waje, ana jira damina na wucewa. Har ila yau injinsu da ruwa yake sanyaya, yana da lagireto kamar mota, ƙaya ko tsakuwa ta huda shi tafiya ta ƙare. Na ƙananan iska ce kawai ke fifita shi.

Akwai wani adadi da ya kamata kowane mai dakon hatsi ya riƙe. Duk girman BMW ɗin nan, kamfanin ya ƙayyade mata kilo 228 na mutum da kaya gaba ɗaya. To, a lissafa magidanci mai kilo 70, da buhun gero mai kilo 100, da buhun taki mai kilo 50. An sami 220 ke nan, an kusa cika mudun ƙatuwar. Amma irin wannan lodi ne ake ɗora wa ɗan babur mai si-si 100 kowace ranar kasuwa, wani lokaci har da ɗan rakiya a bisa tanki. Sa'an nan in sifok ya tsinke, ko kariya ta tsage, ko birki ya ƙi kamawa a gangara, a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko. Sawu biyu ya fi arha bisa zuwa wurin maɗori.

Na tsakiya

Ba a bar manoma haka nan ba. Tun 1973 Yamaha ta ƙera AG100 domin makiyaya da manoman Ostareliya da Niyu Zilan, daga baya ta biyo da AG200, wanda ma'aikatan lafiya na karkara da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna hawa a ƙasashen Afirka. Duk abin da ke jikinsa aikin gona ne ya kawo shi: sarƙa a rufe ruf, kariya gaba da baya, jak a dama da hagu don a iya kafe shi ko'ina, ƙarfen tsare hannu daga ƙaya, da giya ta ɗaya mai tafiyar hawainiya don bin garke. Aibinsa tsada, kayansa kuma ba su cika samuwa a ƙananan kasuwanni ba. Honda, wadda ke harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun, ta fito da Ace CB125 a 2011 musamman domin hanyoyin Nijeriya da aljihun mutanenta. Bajaj da TVS na Indiya su ma suna da irin da aka ɗaga wa madigadin gaba aka sa wa taya mai ƙuraje, don masu bin burji. Ga mutumin ƙauye mai nisa da kwalta, a nan ya kamata ya tsayar da idonsa, muddin bakaniken garinsu ya san injin, mai shagon kayan gyara kuma yana ajiye kayansa. Tambayar waɗannan mutum biyu kafin ciniki ta fi sauraron dillali.

Darasin da mahaya hamada suka bari kuwa kyauta ne, kowa na iya ɗauka da babur ɗin da ke hannunsa. Abin da suka fi tsoro ƙura ce. Ita ce ke bi ta matatar iska ta shiga inji, ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar dutsen niƙa, ta cinye fistin da zobbansa. Don haka a lokacin hunturu wajib ne a riƙa buɗe matatar kowane mako, in ta soso ce a wanke a shafa mata ɗan mai, in ta takarda ce a kakkaɓe, in ta toshe a sake. Masu cire ta gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu, su ne ke sauke inji kafin shekara ta zagayo. Haka kuma kada a yar da murfin sarƙa. Sarƙar da aka bari a fili aka malale da mai, rairayi take tarawa, ba ta jimawa haƙoran sufaket su zama ƙaya. A wanke ta da kananzir, a sa mai kaɗan, a mayar da murfi.

Cikin rairayi mai zurfi sukan rage wa taya iska kaɗan don ta shimfiɗu, su ja jiki baya, su riƙe wuta daidai ba tare da damƙe birkin gaba ba. Dabarar tana aiki a hanyar gona, amma da sharaɗi biyu: ba a yin ta da buhu a baya, don tif zai tsinke a bakin bawul, kuma da an hau kwalta sai a nemi mai faci a mayar da iskar. Ba a kuma taɓa ganin ɗayansu ya hau ba hular kwano ba, ko da zafin Tenere.

Wanda zai sayi na hannu, tun ba a kasuwar bakin iyaka ba inda babura ke shigowa ta kowace fuska, lalle ya gwada lambar inji da ta jikin ƙarfe da abin da ke rubuce a rasit da takardun mallaka, a gaban shaidu da shugaban 'yan kasuwar babura. Ya kuma tashe shi da sassafe injin na sanyi, ya dubi salansa. In hayaƙin ya fito shuɗi, injin yana cin baƙin mai, sai ya cire kuɗin fistin da zobba da ladan bakanike daga abin da ya taya.