Rada: na'urar da ke auna gudun mota tun daga nesa

Duk ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Gaya zuwa Ƙonni ko Maraɗi ya san kalmar rada, domin direbobi ba su rabo da ambatonta. Sai dai da yawanmu ba mu san yadda take aiki ba, kuma rashin sanin kan jawo tara da ɓata lokaci a hanya.

Idan mutum ya yi kira a bakin rijiya mai zurfi, muryarsa kan dawo masa. Haka rada take, amma ita igiyar rediyo take aikawa, irin wadda tashoshinmu ke watsa shiri da ita. Igiyar na tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Da ta bugi ƙarfe sai wani sashe ya dawo, na'urar ta ƙirga lokacin zuwa da dawowa. In ta dawo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, to ta ci kilomita 300 ke nan, wato abin yana nesa da kilomita 150. Da wannan lissafi ake gano jirgin sama cikin dare ko hazo. Wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya gwada dabarar a kan jiragen ruwa a 1904, sannan Robert Watson-Watt ya gano jirgin sama da ita a Ingila a 1935.

Ta hannun jandarma kuwa gudu take aunawa. Kun lura da odar mota? In tana tahowa ƙarar siririya ce, da ta wuce sai ta yi kauri. Christian Doppler ne ya bayyana dalilin a 1842. Motar da ke tahowa tana matse igiyar da ke komawa, kuma gwargwadon gudunta gwargwadon matsewar. Wannan bambanci na'urar ke mayarwa kilomita a awa.

Abu uku muke son masu kaya su riƙe. Na farko, awon ba ya ɗaukar daƙiƙa guda, saboda haka birkin da direba ya taka bayan ya hango jami'i sau da yawa ya makara. Na biyu, faifan CD da wasu ke ratayawa a madubi ba ya ruɗa ta. Babbar mota ma ta fi ƙarama mayar da igiya, don haka an fi kama ta daga nesa. Na uku, na'urar da duwan ke leƙa cikin kaya da ita ba rada ba ce, hasken hoton ƙashi ne irin na asibiti.

Mai kaya shi ke asara in mota ta kife da buhunan albasa ko ta kwana a shinge. Kafin a tashi daga tasha, a yi magana da direba a kan gudu, kada a matsa masa sai ya riski ranar kasuwa.