Jiƙa Wake Tun Dare, Ki Rage Kuɗin Itace

'Yan uwa mata, ranar da muka zauna lissafin cefane a ƙungiyarmu na gane cewa duk ranar da na ɗora busasshen wake, itace ne ke cinye mini kuɗi. Akwai makon da sai da na taɓa kuɗin zubi na sayi itace. Jiƙo ne ya raba ni da wannan.

Wake ba ya nuna sai ruwa ya ratsa shi har ciki. In kin ɗora shi a bushe, itacenki ne zai yi wannan aikin. In kuwa kin jiƙa tun dare, ruwan randa ya yi miki kyauta.

Ga yadda nake yi. Kafin in kwanta sai in tsince waken, in fid da tsakuwa da wanda ƙwari suka huda. Gwangwani 1 na wake, ruwa gwangwani 3, don zai kumbura ya ninka. Awa 8 ta isa. Lokacin zafi kada ki wuce haka, zai yi tsami. Da safe in zubar da ruwan jiƙon in ɗauraye, wannan na rage kumburin ciki. Sai in zuba sabon ruwa, ya tafasa sosai na minti 10, sannan in janye itace in rufe tukunya ya ƙarasa a hankali.

Tumatir, tsamiya da yakuwa sai waken ya yi laushi, don tsami na hana shi nuna. Kanwa kuma 'yar kaɗan: tana saurin nunar da shi, amma tana lalata bitamin B1 da ke cikinsa.

Akwai wani farin wake ƙanana, irin wanda ake sayarwa a gwangwani cikin romon tumatir. Asalinsa nahiyar Amurka ne, kuma ya fi namu tauri. In kin samu busasshensa, jiƙo dole ne, kuma ko an jiƙa yakan kai awa 1 zuwa 1 da rabi a wuta. Kada a ci shi bai nuna ba, yana ɓata ciki.

To, kowacce ta gwada, musamman masu sai da garau-garau. Ki dafa sau ɗaya a bushe, sau ɗaya da jiƙo, ki ƙirga itacen da kowanne ya ci. Rarar da kika gani, ki zo da ita ranar zubi.