Art: ƙaramar kalmar Turanci mai ɗaga farashin kaya

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina da Kano, ko ta Damagaram zuwa Daura, ya sha cin karo da waɗannan haruffa uku. Suna jikin allon mai rubuta sunayen kantuna, suna jikin kwalin rediyo da na salula, suna bakin ƴan makaranta. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san kalmar, don rubutunta ɗaya ne a harsunan biyu. Bafaranshe yana cewa "ar", yana haɗiye harafin ƙarshe, mai Turancin Ingila kuwa yana jan ta ya ce "aat". Tun da kundin sake gina ƙasa na shekarar 2025 ya sa Turanci cikin harsunan aiki tare da Faransanci, za mu ƙara jin ta, shi ya sa muka ga ya dace mu buɗe cikinta.

Asalinta Latin ne, tsohon harshen Rumawa, inda ars ke nufin gwaninta, wato iya aiki da aka koya. Daga Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarni na 13, kuma da wannan ma'anar ta shiga. Maƙeri yana da nasa art, majemi yana da nasa, mai magani ma haka. Har gobe Bature yakan ce the art of cooking, yana nufin iya girki, ko the art of selling, iya ciniki. Ke nan matar da ke tsayar da mai wucewa da daɗin baki har ya sayi atamfar da bai yi niyya ba, ita ma cikin masu kalmar take. Daga wannan saiwa aka samu artisan, mai sana'ar hannu, da artificial, abin da hannun mutum ya yi. Masu sayar da gashin kanti da furannin roba sun san wannan ta ƙarshe a jikin leda.

Sai a ƙarni na 18 masu ilimin Turai suka tsaga gidan biyu. Zanen hoto da sassaƙar mutum-mutumi da kiɗa da waƙa suka koma abin da Faransawa ke kira beaux-arts, Ingilishi kuma fine art, wato abin da ake yi don kallo da jin daɗin rai. Tukunya da takalmi da tabarma, duk abin da ake amfani da shi a gida, aka tura shi ɗayan ɓangaren, craft ko artisanat. Mai na farko ya zama artist, ana rubuta sunansa a ƙasan aikinsa. Mai na biyu ya zauna artisan, ana taya kayansa dozin-dozin.

To a nan kuɗin yake. A watan Nuwamba na 2024, a gidan gwanjon Sotheby's da ke birnin New York, an sayar da ayaba guda ɗaya da aka manna a bango da salatif a kan dala miliyan 6 da dubu 200. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. A kuɗinmu abin ya haura miliyar 3 na sefa. Ita ayabar, a bakin titi aka sayo ta, kuɗinta bai kai dala ɗaya ba. Abin da aka biya shi ne sunan mai aikin, Maurizio Cattelan ɗan ƙasar Italiya, da takardar shaidar cewa wannan art ne. Attajirin da ya saya ya ɓare ta ya cinye a gaban ƴan jarida. Masu sayar da ayaba a babbar kasuwa, kada ku ce ba mu faɗa muku ba.

Wannan ta ban dariya ce, amma akwai wadda ta fi kusa da mu. Duk mai canjin kuɗi ya san takardar naira 20. A bayanta akwai hoton wata mata tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya, wadda ta koyi ginin randa a ƙauye kamar kowace yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Aka kai tukwanenta baje koli a Landan, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Siffar randar da zanen kadangare da kifi da ke jikinta, da su ta zo daga gida. A cibiyar an ƙara musu sabuwar ƙasa da gashin wuta mai ƙarfi da sheƙi, aka kuma sa sunanta. Daga ranar randar ta tashi daga ɗakin girki ta koma gidan kallo. Idan mun tuna da masu ginin tukwane na Mirya, sai mu ga hannun ba shi ne ya gaza ba.

Haka fatar jar akuya ta ƙasar Hausa, irin wadda Maraɗi da Sakkwato suka yi suna da ita. Shekaru aru-aru ayari na ƙetara Sahara da ita, Turawa na yi wa littattafai masu tsada bango da ita, amma da sunan fatar Maroko suka san ta, don ta can ta iso musu. Majemin da ya sha warin bagaruwa, ba a ji ko sunan garinsu ba.

Ba kowace art ce ta zane ba, kuma nan ne iyaye kan ruɗe. Yaron da ke karatu a Najeriya, idan ya ce yana ajin Arts, ba fenti yake koyo ba. Adabi ne da tarihi da harsuna da sanin mulki, kusan abin da mu muke kira seri A a lise, kuma daga nan ake zama lauya ko ɗan jarida. Digirin B.A. ma daga nan yake. Martial arts kuwa su ne karate da kunfu na finafinan Sin. Mawaƙin zamani ana ce masa artist ko artis, ko bai taɓa riƙe alƙalamin zane ba. Mai yi wa amare kwalliya, da ta buɗe shafi a Facebook ko TikTok, sai ta zama makeup artist, mai ƙunshi ta zama henna artist. Lallen dai shi ne na jiya, amma ku tambayi uwar amarya ko kuɗin na jiya ne.

Akwai kuma state of the art da ake bugawa a kwalin kayan lantarki. Ma'anarsa ita ce sabon yayi, ƙarshen abin da masu ƙira suka kai a lokacin. Kirari ne kawai na masu talla. Ba garanti ba ne, ba kuma sunan kamfani ba, kowa na iya buga shi a kwalinsa.

Mu a gidan rediyo kalmar tana ba mu aiki. Mukan ce fasaha, amma fasaha ta riga ta tare a gidan kimiyya, har mai sauraro na jin "kimiyya da fasaha" ya tuna da kwamfuta. A Larabcin da muka aro ta kuwa, iya magana take nufi. Don haka mukan duba wurin: wani lokaci zane, wani lokaci gwaninta ko hikima, wani lokaci adabi, wani lokaci sana'ar hannu. Hausa ba ta taɓa raba baduku da mai zanen gidan sarki gida biyu ba, duka gwanaye take ce musu.

Masu kai kaya ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai, ko baje kolin mata na SAFEM, za su lura da abu guda: baƙon da ke neman art yakan fara tambayar wa ya yi, a wane gari, kwana nawa aikin ya ci. Mai neman tsaraba kuwa farashin goma yake tambaya. Jakar fata ɗaya ce a kan teburin, sai dai ta farkon tana bukatar ƴar takarda mai sunan badukun da garinsu.