Siffofin Gwanin Ɗan Wasan Gaba

Duk wanda ya zauna a gidajen kallon ƙwallo na Jibiya, inda samarin ƙasar Katsina da baƙinsu na Maraɗi ke haɗuwa da maraice, ya san babu mas'alar da ake yawan muhawara a kanta kamar siffofin gwanin ɗan wasan gaba.

Wasu suna fifita gudu, suna kafa hujja da Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars, ya zura wa Ajantina ƙwallaye biyu a 2014. Hujja ce mai ƙarfi. Amma a ganina, marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallaye 37, har da ta farko da ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994, ya fi tara sharuɗɗan: basirar gane inda ƙwallo za ta faɗo tun ba ta taso ba, da ƙarfin bugu, da natsuwar zuciya sa'ad da ya rage daga shi sai mai tsaron gida.

Wannan natsuwa ita ce masu horar da yaran Jibiya ya kamata su fara koyarwa.